Daga Mama Zuwa Nama

Yau ba zancen girki na zo mana da shi ba, ba kuma na zaman kishi ba. Labari ne na wata yarinya a gidanmu da aka kusa cirewa daga makaranta don an ce kanta ba ya ja, da wani ɗan wasa da muka riƙa yi ni da ita a bakin murhu. Ki daure ki bi ni a hankali, don na tabbata ko a ɗakinki ko a maƙwabta akwai irinta.

Ni haifaffiyar cikin garin Bici ce, aure ne ya kai ni wani ƙauye da ke gefen gari, 'yar tafiya kaɗan a babur idan aka sauka daga titin Kano zuwa Katsina. Wadda ta san ƙasarmu ta san ba mu da daji. Gona manne take da gona, daga bayan katangar wannan gida sai geron wancan, sai gawo da kuka da ɗorawa tsaitsaye a tsakani. Da rani jakai na ta jigilar taki a mangala, samari kuma sun watse cin rani. A irin wannan wuri babu hannun da ake bari ya zauna banza, ko da na yarinya ne 'yar shekara tara.

Yarinyar 'yar Yaya ce, wan maigidana. Sunan Inna surukarmu aka sa mata, shi ya sa babu mai iya kama sunan a gidan, kowa Mama yake ce mata. Tana aji uku a lokacin. In kin ji ta tana rera karatu da safe sai ki ce malama ce. "E fo aful, bi fo bol," har ƙarshe ba tuntuɓe. "Ba be bi bo bu, ca ce ci co cu," kamar ruwa. Mu duka mun ɗauka karatu take yi.

Asiri ya tonu ne bayan kaka, an gama kai amfanin gona rumbu. Aka kawo wa Yaya katin ɗaurin aure, da Hausa aka rubuta shi tsaf, ya kira Mama ya ce ta karanta masa ranar. Ta karɓa, ta juya shi, ta ƙura masa ido, sai ta ɗora yatsa a kan layin farko ta fara "ba be bi bo bu". Yara suka tuntsire da dariya. Yaya bai yi dariya ba. Ya karɓi katinsa ya sa a aljihu, ya ce, "To, an gama. Daga wannan hutun ta zauna ta taya uwarta."

Kada ki yi saurin ganin baƙinsa, 'yar uwa. Shi ma an taɓa kai shi. Yana cikin yaran da aka kwasa aka zuba a firamare lokacin shirin UPE na gwamnatin Obasanjo a 1976, ya yi shekara uku yana zuwa, kuma a faɗarsa ban da wannan "ba be bi" ɗin babu abin da ya fito da shi, sai da ya koma makarantar allo sannan ya san ya yi karatu. Ita kuma faccalata, uwar Mama, awara take soyawa, ba ta da mai kai mata talla, ga 'ya'ya mata uku a gabanta da za a yi wa gado da kwanuka. Kowa da gaskiyarsa. Ita ma makarantar ban ɗora mata laifi duka ba, aji ne cike maƙil, malami ɗaya, idan yara suka amsa da murya ɗaya ta ina zai gane wanda ke karatu da wanda ke bin amshi?

Amma abin ya tsaya mini a rai. Ni sakandare na gama, kuma in faɗa miki gaskiya ba a aji na ƙware da karatu ba, a littattafan hayar nan ne irin na su Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda muke ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Ita kanta Hajiya Balaraba tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilimi har ta zama marubuciyar da ake fassara littafinta zuwa Turanci. Ba kowace yarinya ce ke samun wannan komawar ba. Da dare na ce wa maigida, "Malam, don Allah ka roƙar mini Yaya ya bar mini Mama zuwa faɗuwar damina. In ruwan shuka ya sauka ba ta iya karanta takarda ba, ni da kaina zan ɗora mata farantin awarar." Ya ce, "Ke dai kin fiye ɗaukar Dala ba gammo." Amma ya je ya faɗa, Yaya kuma ya ce ya ji, albarkacin ƙaninsa.

To, na fara. Kuma na fara da kuskure, don yadda aka koya mini haka na ɗauko. Na rubuta baƙaƙe da wasula a jere a jikin bango da gawayi, na samo kara, ina nunawa tana rerawa. In na bi layi daga farko ba ta da matsala. In na tsallaka na nuna "bo" shi kaɗai, sai ta yi shiru, leɓenta na motsi, ashe komawa take yi can "ba" ta biyo waƙar a zuci har ta iso inda karan yake. Sati biyu muna abu ɗaya. Ranar nan haƙurina ya ƙare na tsula mata karan a cinya. Ba ta yi kuka ba, ta dai sunkuyar da kai ta ce, "Anti, ai an ce ni daƙiƙiya ce." Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Bayan kwana biyu ina ɗaki ina ninke kaya, ita da ƙawayenta suna surfe a bayan tagata, sai na ji muryar Mama tana cewa, "Adantidi tada cidikada fadaɗada." Suka kwashe da dariya. Sun ɗauka ban ji ba. Ni da na yi zaurance tun ba a haife su ba! Cewa ta yi Anti ta cika faɗa. Na ɗaga labule zan yi magana, sai wani tunani ya tsayar da ni. Ki duba fa abin da yarinyar nan ta yi. Ta ɗauki magana ta yanka ta gaɓa-gaɓa, ta saurari wasalin kowace gaɓa, ta ɗauko "d" ta liƙa masa wannan wasalin, ta mayar ta jera, duk a cikin numfashi ɗaya, tana kuma riƙe da taɓarya. Yarinyar da ke wannan aikin da kunnenta ita ce daƙiƙiya? Ashe ana zaton wuta a maƙera, ga ta can a masaƙa.

Ƙanwata tana karatun malanta a lokacin a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, wadda aka fi sani da FCE. Da ta zo mini yini na ba ta labari. Ta ce, "Yaya, ai abin da kika gano suna gare shi a littafi. Foniks ake ce masa, wato koyar da karatu ta hanyar sauti." Ta ce kuskurenmu shi ne muna koya wa yaro sunan harafi, alhali ba da suna ake karatu ba, da muryar harafin ake yi. Harafin "m" sunansa "em" a Turance, amma a cikin magana babu inda yake cewa "em", leɓe kawai ake rufewa a ce "mmm". Yaron da aka cika wa kai da "em, e, em, e" ta yaya zai haɗa su su ba shi "mama"? Ta ba ni labarin wani tsari da ake kira Jolly Phonics, wanda wata malamar firamare a Ingila mai suna Sue Lloyd da abokiyar aikinta Sara Wernham suka tsara, aka fara buga shi a 1992, kuma an horar da malamai da yawa a kansa a Nijeriya har da nan Kano. Sautuka 42 na Turanci suke koyarwa, ba sa bin jerin A B C, suna farawa da guda shida, s, a, t, i, p, n, don da su kaɗai yaro zai iya gina ƙananan kalmomi tun a satin farko. Na ce mata wannan "p" ɗin dai sai su, mu da ko fensir da "f" muke kiransa.

Ta yi dariya ta ce ai mu namu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun haura 40, harafi ɗaya sai ya yi murya uku ko huɗu, yau ya ce kaza gobe ya ce kaza. Hausar boko kuwa wasali biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan duk abin da kika ga an rubuta shi za ki faɗa. Ta ce, "Ki ajiye gawayin nan tukuna. Ki fara da kunne. Ki ɗauki kalma ɗaya da ta sani, ki cire sauti ɗaya ki sa wani, ki bar ta ta ji abin da ya faru."

Washegari da la'asar muna ɓarar gyaɗa, ba allo ba kara, na ce, "Mama, faɗi sunanki a hankali, ki ja shi." Ta ce, "Mmmaama." Na ce, "Me leɓenki ya fara yi?" Ta ce ya rufe. Na ce, "To cire wannan mmm ɗin na farko, ki sa nnn a wurinsa." Ta yi shiru tana juya abin a baki. Can sai ta zaro ido ta ce, "Nama! Anti, ni ce nama?" Na ce, "Sa rrr." Ta ce, "Rama!" Na ce, "Sa sss." Ta ce, "Sama!" Daga nan ba ta jira ni ba. Kama, dama, gama, tana faɗa tana tsalle, gyaɗa na zubewa. Ta ruga ɗakin Inna tana cewa an mayar da ita nama an mayar da ita rama, Inna na cewa wane ja'irin ne ya mayar da takwararta rama.

Sati guda muka yi a haka ba mu rubuta komai ba. Ina tuƙa tuwo in jefa mata kalma, ta sauya mata kai ta jefo mini. Gari, bari, fari, tari, jari, mari. Kuka, duka, shuka. Taki, baki, jaki. Na lura sautukan da ake iya ja, irin su m, n, s, r, f, l, z, sun fi saurin shiga kunnen yaro, don za ki iya riƙe su a baki har ya ji su sosai. Irin su b, d, k, t kuwa fitowa suke su ɓace, dole ki faɗe su a gajarce, kada ki ce "ba" ko "ka" kina nufin baƙin shi kaɗai, in ba haka ba kin liƙa masa wasalin da ba a gayyata ba.

Sai a sati na biyu na yayyanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, na rubuta harafi ɗaya a kan kowane. Ban ba ta duka ba, biyar kawai: m guda biyu, a guda biyu, da n. Na jera m, a, m, a a kan faifai na ce, "Ga ki nan." Na zare na farko na sa n. Ban ce komai ba. Ta dubi faifan, ta dube ni, ta ce a hankali, "Nama." Ranar ce ta fara karatu a duniya, 'yar uwa. Shekara uku tana zuwa makaranta, amma sai ranar ta gane cewa waɗannan zane-zanen maganar bakinta ce aka ajiye a takarda, kuma in aka taɓa zane ɗaya maganar ma sai ta sauya.

Daga sauya kai muka koma sauya ciki, wato wasali. A nan na sami wata kalma mai albarka, kaka. Baƙin bai motsa ba, "k" ne gaba da baya, wasula kawai muke canzawa: kaka, keke, koko, kuku. Sai mu sauya ɗaya mu bar ɗaya, kaka ta zama kuka. Rana ta zama rina, ta zama rani. A nan ne fa muka yi abin kunya. Na jera mata tasa, na ce ta cire "a" na farko ta gwada sauran wasulan da kanta. Ta sa "i" ta ce tisa. Ta sa "u", ta karanta da ƙarfi, ga Inna zaune da baƙuwa a tabarma. Yaran gidan suka faɗi ƙasa don dariya, Inna ta ce, "Yau na ga boko! Abin da ake koya mata ke nan?" Na ba da haƙuri. Amma in gaya miki, daga ranar babu yaron gidan nan da ya sake mance harafin "u". Duk da haka ki riƙa gwada kalma a zuciyarki kafin ki ba yaro, don Hausa ba ta da wuyar kai mutum inda bai nufa ba.

Bayan nan sai ƙari da ragi. Ki jera baki, ki soka "n" a tsakiya, ya zama banki. Taki ya zama tanki. Sada ta zama sanda. Kano, in kika sa mata "w" bayan "k", ta zama kwano. Wannan ya ba ta wuya fiye da na baya, don ta saba kowane baƙi da wasalinsa a gaba, sai ta riƙa cewa "banaki". Mun fi sati biyu a kansa. Abin da ya warware mana shi ne tafi: ban-ki, tafi biyu, ba uku ba. Haka ma baƙi mai nanatawa, baba da babba, daba da dabba, sai da na sa ta riƙa jin yadda leɓe ke daɗewa a rufe kafin ya saki.

Kada ki ɗauka kullum daɗi ake ji. Akwai ranakun da uwarta za ta aike ta kai niƙa daidai lokacin da muka zauna, ni kuma ba ni da bakin magana. Akwai sati guda cur da "b" da "d" suka rikice mata, ta mayar da baki daki, ta mayar da dawa bawa, har na fara cewa ko Yaya ne mai gaskiya. Kuma ban taɓa wuce minti goma sha biyar da ita ba, don na gwada na ga in aka wuce haka hankalinta ya tafi wajen 'yar gala-gala.

Inda na fi jin daɗi shi ne baƙaƙen nan namu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko, irin su Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ba su da waɗannan a harshensu, sai suka riƙa yi musu ɗigo ko wata alama. A shekarun 1930 ne aka tsayar da masu ƙugiyar nan da muke gani yau. Mu da muka taso da littattafan kasuwa mun saba ganinsu ba ƙugiya, don na'urar buga su ba ta da ita, mu ne muke cikewa da hankalinmu. Amma yaro mai koyo a ba shi da ƙugiyarsa. Na yi mata kati biyu, "k" da "ƙ", na ce ta ɗora hannu a maƙogwaronta ta faɗi baki, sannan ta faɗi baƙi, ta ji yadda maƙoshi ke tsukewa a na biyun. Kafa da ƙafa. Daka da ɗaka. Fada da faɗa. Bari da ɓari. Ta ce, "Anti, ashe ƙugiyar nan ita ce ke shaƙe shi." Na ce ita ce.

Ita ce kuma ta yi mini tambayar da ta kusa kayar da ni. Ta jera g, a, r, i ta ce, "Wannan garin da muke ciki ne ko garin tuwo?" Na buɗe baki na rufe. Gaskiya ce, rubutunsu ɗaya. Haka kuka ta miya da kukan jariri, haka wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar aiki. Bokonmu ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna wasalin da aka ja da wanda aka taƙaita. Na ce mata, "Wannan sai kin dubi maƙwabtansa. In kin ga tukunya a kusa, na tuwo ne." Na ga gara in faɗa mata gaskiya cewa rubutun ne ya gaza a nan, kada ta ɗauka kanta ne.

Wata rana da yamma Yaya ya shigo gaida Inna ya same mu da faifanmu. Na ja mayafi na matsa gefe. Ya tsaya yana kallo tana sauya wasali, ba, bi, bu, tana haɗawa da wata gaɓar tana fitar da kalma. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce wa Inna, ba ni ba, "Inna, ai wannan farfaru ne." Kuma wallahi haka ne. A makarantar allo yaro kan fara da babbaƙu, baƙaƙe tsirara da sunayensu irin su alu da ambaki, sannan a shiga farfaru, a ɗora wa baƙi wasali bisa ko ƙasa ko rufu'a, yaro ya ji yadda muryarsa ke juyawa. Abin da aka ce daga Ingila ya zo, ga ɗan uwansa a zauren malam tun kaka da kakanni, ga kuma wani a bakin 'yan mata wajen surfe. Tun daga ranar na ga Yaya ya daina ɗaure fuska in ya ga kwalayen.

Ba mu kaɗai ne muka farga ba. Ƙanwata ta nuna mini littattafan Mu Karanta, waɗanda aka yi amfani da su a firamaren jihohin Bauci da Sakkwato da tallafin Amurka, su ma da Hausa suke farawa, daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma. A 2019 kuma an fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, inda ake raba yara ba bisa ajinsu ba sai bisa inda karatunsu ya tsaya, masu harafi daban, masu kalma daban, dabarar da aka aro daga Indiya. Da ana yin haka a ko'ina da ba a kai Mama aji uku tana bin amshi ba. Su kuma manya a Abuja har yanzu ana ta kai-kawo a kan harshen da za a koyar da yara. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin da yaro yake. A 2022 aka ce a kai shi har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke wannan, a koma Turanci. Ni ba 'yar siyasa ba ce, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Mama ta yi dariya da na mayar da ita nama ne don ta san nama, ta san rama. Da kalmar Turanci na sauya wa harafi, da ba ta san an yi komai ba, daga wata ƙara ce zuwa wata ƙarar.

Ruwan shuka ya sauka da daddare. Da safe maza suka fita da sungumi, gari ya cika da ƙamshin ƙasa, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Bayan magariba Yaya ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya ce a kira Mama. Na zaci katin biki zai sake kawowa, har na sa ta yi ta gwaji da tsofaffin katuna. Sai ya zaro ƙaramar wayarsa ya miƙa mata. Saƙo ne daga babban ɗansa da ke cin rani a Legas. Ina tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, ko motsi ba na yi.

Ta kanga wayar kusa da fuska. "Ba-ba, i-na gai-su-wa." Ta haɗiyi yawu. "Ai-ki ya ka-re." Ta tsaya. Ta ce, "Kare?" Yara suka fara ƙunshe dariya, na ji kamar in nutse. Ta sake duba layin daga farko, leɓenta na motsi, sai ta ɗago ta ce, "Baba, ƙare ne. Aiki ya ƙare. Yaya bai sa ƙugiya ba." Ta ci gaba, "Zan ta-ho ra-nar La-ra-ba da ku-din, da kuɗin ta-ki." Ta miƙa masa wayar ta ce, "Nan ma bai sa ba."

Ashe tun da rana mai cajin waya ya karanta masa saƙon, ya san abin da ke ciki sarai. Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce. Inna ce ta rangaɗa guɗa, har da cewa takwararta ta fi uban karatu.

Ba zan ce miki an daina talla ba, don ƙarya ba kyau. Hukuncin da Yaya ya yanke shi ne ta je makaranta da safe, bayan azahar ta ɗauki farantin. Faccalata ta yi kusan sati biyu tana amsa mini gaisuwa a daƙile, don cinikin safe shi ne ciniki, kuma ni na jawo mata asararsa. Na ga ba ni da abin biyanta sai jikina, shi ya sa har yau ni nake taya ta tace waken suya da asuba. Turanci ma har yanzu muna fama. Ranar da malaminsu ya ce mata "c" ɗin da ta sani a cikin ci da cokali, a Turance wani lokaci "k" yake cewa wani lokaci "s", ta dawo gida ranta a ɓace ta ce harafin munafuki ne.

Kwanakin baya na dawo daga barka na tarar da bangon ɗakina ya sha gawayi, kaka, keke, koko, kuku, tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Ta zaunar da ƙaninta ɗan shekara biyar, wanda ake ce wa Baba don sunan marigayi surukinmu gare shi, tana tsaye a kansa da kara a hannu, shi kuma ya cika ido da hawaye. Ta ce, "Anti, yaron nan fa kansa ba ya ja."

Na karɓe karan na karya shi biyu na tura a murhu ƙarƙashin tukunya. Na ce ta je ta ɗauko faifai, kwalayen suna cikin tsohon gwangwanin madara a kan taga. Na ce, "Zauna a ƙasa kusa da shi. Ce masa ya faɗi sunansa a hankali, ya ja shi."